"Kin Rame", "Kin Yi Ƙiba": Ciwon da Ke Ɓuya a Tsakaninmu

 'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu da malamanmu da wannan ɗan littafi na bana zai shiga hannunsu, maganar da na ɗauko ba ta cikin darussan da muke yi a aji, amma tana zaune tare da mu a kan benci ɗaya.

Duk wadda ta taɓa zuwa awure ko suna a Nima ko Maamobi ta san yadda gaisuwar iyayenmu mata take. Kafin a tambaye ki karatu an riga an auna ki da ido. "Kai, wance, me ke cin ki? Kin rame o! Ba a ba ki abinci a gida ne?" Ki matsa gaba kaɗan, sai ki ji wata Hajiya ta kama hannun ƙawarki tana dariya: "Wannan kam ta zama obolo, yayin ma ya ƙi shiga." A yi shewa, a wuce, a ci gaba da rabon shinkafa. Wadda ta yi maganar ta manta kafin la'asar. Wadda aka yi wa kuwa da ita za ta kwana, wani lokaci ta shekara tana juya ta a rai.

Igiya biyu ke jan yarinyar Zango a yau. Ta farko tsohuwa ce, daga gida take. A idon kakanninmu jiki mai kauri alamar hutu ne da rufin asiri. Ana so amarya ta ciko kafin a kai ta, in kuma ta yi wata shida a ɗakinta ba ta ƙara ba, mijin ne zai sha tambaya. Ba mu kaɗai muke da wannan ido ba. A Muritaniya akwai al'adar da suke kira labluh, inda ake ɗura wa ƙananan 'yan mata madarar raƙumi da hatsi da ƙarfin tsiya don su yi ƙiba kafin aure. Igiya ta biyu sabuwa ce, tana cikin wayar da ke hannunmu. A TikTok da Instagram da Snapchat abin da ake yabo shi ne ciki a lafe, tsakiya siririya kamar ta zanzaro, sama da ƙasa kuma a cike. Wannan siffa sau da yawa ba halitta ba ce. Wata manhaja ce ta gyara hoton, wata tsayuwa ce aka koya, wata kuma wuƙar likita ce ta yanka ta ɗinke. To yarinya 'yar shekara 15 ta tsaya a tsakiya: Mma tana cewa ƙara tuwo, waya tana cewa rage. Gaba kura, baya sayaki.

Kada wani ya ce ai hoto ne kawai, me hoto zai yi wa mutum. A ƙasar Fiji, wasu tsibirai can cikin tekun Fasifik, mutane suna son jiki mai kauri kamar yadda muke so, suna kuma damuwa in mutum ya fara ramewa. A 1995 talabijin ta isa wani yanki nasu mai suna Nadroga. Wata likita daga jami'ar Harvard ta Amurka, Anne Becker, ta yi wa 'yan matan sakandaren yankin tambayoyi a wannan shekarar, ba ta samu ko ɗaya da ta ce tana sa kanta amai don rage jiki ba. Da ta koma a 1998, bayan shekara uku ana kallon fina-finan Turawa, kashi 11 cikin ɗari suka ce suna yi. Talabijin ke nan, wadda ake kashewa a kwanta. Waya kuwa har ƙarƙashin filo take bin mu. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun binciken da kamfanin ya yi da kansa, aka ga a ciki cewa kashi 32 cikin ɗari na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi.

Hanyar kwalba

Wadda aka dama da "kin rame" yawanci kwalba take nema. Sunan da ya fi yawo a bakin 'yan mata shi ne Apetamin, wani ruwan magani da wani kamfani a Indiya yake yi. Abin da ke aiki a cikinsa sinadari ne mai suna siproheptadin, wanda asalinsa maganin borin jini ne da ƙaiƙayi da atishawa. Buɗe ciki da yake yi gefen aikinsa ne, kuma tare da shi akwai wani gefen: barci mai nauyi da jiri. Shi ya sa za ka ga yarinyar da da ita ce ke fara kawo hadda, yanzu kanta na kan benci tun kafin Malam ya buɗe littafi. Hukumomin magunguna na Amurka da Ingila ba su amince a sayar da shi ba. A 2021 shugabannin hukumar lafiya ta Ingila sun rubuta wa Instagram suna neman a toshe masu tallarsa, a 2023 kuma hukumar Amurka ta fitar da gargaɗi a kansa. Likitoci sun ba da rahoton waɗanda hantarsu ta taɓu bayan sun daɗe suna sha. Sannan ga wata gaskiya da masu talla ba sa faɗa: babu maganin da ke zaɓar inda kitse zai zauna. Kin sha don baya ya fito, sai tumbi ya riga shi.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne deksametason, wanda ake taƙaitawa a ce deksa. Mutanen Kano suna kiran irin waɗannan ƙwayoyi "sha ka fashe", kuma wallahi sunan ya dace. Deksa magani ne na gaske, mai ƙarfi. Likitoci suna ba da shi ga mai asma mai tsanani da mai kumburin da ya gagara, kuma a 2020 masu bincike a Ingila suka gano yana rage mutuwa a cikin masu korona da numfashi ya ƙwace musu. Yadda yake aiki shi ne yana kwaikwayon wani sinadari da wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a kan ƙodojinmu suke fitarwa kullum. Idan lafiyayyen mutum ya yi ta shan sa, fuska za ta yi zagaye kamar faranti, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannuwa da ƙafafu kuma su sirance. Fata ta yi laushi ta tsattsage da nankarwa, sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa. A watan farko kowa cewa zai yi, "Masha Allah, kin ciko, kin yi kyau paa." Ciwo ake yaba wa ba a sani ba.

Ga wurin da nake so kowa ya riƙe da kyau. Wadda ta yi makonni tana shan deksa, kada ta daina rana ɗaya. Jikinta ya ga ana kawo masa sinadarin daga waje, sai ya rage yin nasa. In aka yanke kwatsam, jini zai iya faɗuwa, ta yi ta amai, ta suma, har rai ya iya salwanta. Likita ne zai rage mata kaɗan-kaɗan har jikin ya koma aikinsa. Don haka uwar da ta tsinci ƙwayar a jakar 'yarta, kada ta watsa ta a gwata ta ɗauko bulala. Ta riƙe ƙwayar, ta riƙe hannun yarinyar, su tafi asibiti.

Man bilicin ma ɗan gidan nan ne, uwarsu ɗaya: rashin yarda da jikin da aka ba mutum. Tun 2016 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana ta hana shigo da mayukan shafawa masu sinadarin haidirokwinon, a 2018 kuma ta gargaɗi mata masu ciki da ke shan ƙwaya wai don jariri ya fito fari. Wannan magana ce mai zaman kanta, ba zan shige ta yau ba.

Hanyar yunwa

Wadda aka dama da "obolo" ita kuma wata hanya take bi. Ta fara da barin koko da ƙosai na safe. Ta sayi shayin rage tumbi da ta gani a waya. Ta ɗaure ciki da ɗamarar roba ƙarƙashin abaya, ta zauna a aji tana numfashi sama-sama. Yawancin waɗannan shayi abin da ke cikinsu ganye ne dangin filasko, wato maganin wankin ciki. Shi kuwa a babban hanji yake aiki, bayan ƙaramin hanji ya riga ya tsotse amfanin abincin. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, ba kitse ba. Sikeli zai nuna ragi yau, gobe in ta sha ruwa ya dawo.

Da yawa a nan suke tsayawa, su gaji, su koma cin waken su da shinkafa. Amma akwai waɗanda abin ke wucewa da su har ya zama ciwo, ciwon da likitoci suka sani, suka ba shi suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da cututtukan da suka shafi cin abinci, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa.

Na farko shi ne anoreksiya. Ba sabon ciwo ba ne, tun 1873 wani likitan Ingila mai suna William Gull ya raɗa masa wannan suna. Mai shi yana takura wa kansa abinci har nauyinsa ya faɗi ƙasa da abin da jiki zai iya ɗauka, kuma duk da haka bai ga ya isa ba. Kowa na ganin ƙashin wuya a waje, ita tana duba madubi tana ganin ƙiba. Jiki in ya rasa abinci sai ya fara kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya don ya tsira: al'ada ta ɗauke, bugun zuciya ya yi sanyi, gashin kai ya zube, mutum ya riƙa jin sanyi a tsakiyar zafin watan Maris na Accra. Ƙashi ma yana biya, domin kusan rabin ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi a shekarun balaga ake gina shi. A cikin dukkan cututtukan da suka shafi tunani, anoreksiya na cikin waɗanda suka fi kisa.

Na biyu bulimiya, wadda wani likita a Landan, Gerald Russell, ya bayyana a 1979. Ita mai wannan takan ci abinci mai yawa a ɗan lokaci, a ɓoye, tana ji kamar ba ita ke riƙe da hannunta ba. Tana gamawa kunya da tsoro su rufe ta, sai ta nemi fitar da shi ta hanyar amai ko maganin wankin ciki ko ta kwana biyu ba ta ci ba. Jikinta sau da yawa daidai yake a ido, shi ya sa ake shekaru ba a gane ba. Amma ruwan ciki mai tsami yana cinye haƙora, gefen kumatu ya kumbura, kuma yawan amai yana zubar da wani gishiri mai suna fotasiyam wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Na uku shi ne irin wannan ci na fitar hankali amma ba tare da fitarwa ba. Shi ya fi yawa a cikin ukun, kuma shi ne aka fi yi wa dariya, a ce kwaɗayi ne.

Za a ce wannan ciwon Turawa ne, ciwon 'ya'yan masu kuɗi da abinci ya ishe su. Ni ma haka na ɗauka da. Amma a 2004 wata mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta buga wani bincike da aka yi a nan Gana, wanda Dinah Bennett da abokan aikinta suka gudanar a makarantun sakandare biyu na karkara. Sun auna nauyi da tsawon 'yan mata 668. A cikinsu suka samu 10 da suka rame ƙwarai, kuma da aka bincika ba a ga wata cuta ko rashin abinci da ya jawo ba, su ne suke hana kansu ci. Abin da ya ba masu binciken mamaki shi ne, ba wadda ta ce tana tsoron ƙiba. Dukkansu goman sun ɗauki abin da suke yi a matsayin abu mai kyau, kuma da harshen addini suka bayyana shi: kame kai, danne yunwa.

A nan maganar ta iso ƙofar makarantarmu.

Akwai wata da muka yi aji ɗaya da ita, ba zan faɗi sunanta ba, na kuma sauya wasu abubuwa don kada a gane ta. Ta fara da azumin Litinin da Alhamis, kowa ya ce masha Allah. Ta ƙara da kwana uku na tsakiyar wata. Daga nan sai ya zama da wuya ka same ta ba da azumi ba. In an ɗaga ta sahur ta ce ta ƙoshi. In an kira magariba ta sha ruwa, ta ci dabino ɗaya, ta ce sai ta yi salla, bayan salla kuma ta ce sai ta gama tilawa. Kuɗin abincin da ake ba ta da safe ƙannenta take raba wa. Iyayenmu suna nuna mana ita suna cewa ku yi koyi da wance. Mu da muke zaune kusa da ita mun ga hijabinta yana ƙara yi mata yawa, mun ga tana sa rigar sanyi da rana tsaka, amma wa zai buɗe baki ya ce mai azumi tana da matsala? Sai ranar da ta tashi kawo hadda ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti aka gano wata biyar ba ta ga al'adarta ba. Mahaifiyarta da ta ji haka, abin da ya fara zuwa mata a rai daban ne, kun dai gane, har ta ɗaga murya a gaban nas kafin gwaji ya wanke yarinyar. Daga baya ne ta gaya mana cewa tun ranar da wani yaro a sukuu ya kwaikwayi tafiyarta, 'yan aji suka fashe da dariya, ta ƙudura a ranta sai ta rage. Azumi shi ne kawai hanyar da ba wanda zai tambaye ta dalili.

Ba ina cewa a zargi duk mai nafila ba, Allah ya kiyaye. Amma addinin da ya koya mana azumi shi ne ya sa masa iyaka. An kwaɗaitar da mu yin sahur, an ce a gaggauta buɗe baki, an hana haɗa azumin yau da na gobe ba tare da an ci komai a tsakani ba, an haramta azumi ranar idi. Buhari da Muslim sun kawo labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, saurayi mai ƙarfi da ya ɗauki azumi kullum. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira shi ya yi ta rage masa, ya tuna masa cewa jikinsa ma yana da hakki a kansa, ya tsayar da shi a kan yini ɗaya azumi yini ɗaya ci, ya ce babu abin da ya wuce wannan. Da Abdullahi ya tsufa sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa tun farko. Saboda haka bambancin ba shi da wuyar gani ga mai lura. Mai azumin ibada yana murna da kiran magariba, ya zauna ya ci. Mai azumin ciwo tsoron magariba yake yi.

Me ya sa ba ta daina kawai?

Wannan ita ce tambayar da iyaye ke yi cikin fushi: "Ga abinci, ci mana! Taurin kai ne kawai." Akwai wani gwaji da aka yi a jami'ar Minnesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945 da ke ba da amsa. Wani masani mai suna Ancel Keys ya ɗauki samari 36 lafiyayyu da suka yarda da kansu, aka rage musu abinci kusan rabi har tsawon wata shida. Ba ɗayansu da ke da wata damuwa da jikinsa kafin nan. Amma da yunwa ta zauna musu sai halinsu ya sauya. Suka koma ba su da zance sai na abinci, wasu suka riƙa tara littattafan girki, suna yanka abinci ƙanana-ƙanana suna jan lokaci a kansa, suka zama masu saurin fushi da son kaɗaici. Da aka sake musu abinci, wasunsu suka riƙa ci ba tsayawa har su yi rashin lafiya. Wato yunwar da kanta tana taɓa ƙwaƙwalwa. Yarinya ce ke fara rage abinci, amma bayan wani lokaci yunwar ce ke riƙe da linzami. Shi ya sa faɗa da duka ba sa warkar da ita, shi ya sa kuma wadda ta wuni ba ta ci ba take afka wa tukunya da dare, ta tashi tana tsine wa kanta.

Ba kowa ke kamuwa ba ko da ya ji baƙar magana iri ɗaya. Akwai gado a ciki, akwai hali. An lura ya fi kama masu son komai nasu ya fita ba kuskure, irin yaran da in sun ci 98 suke kuka a kan 2 da suka rasa. Wani lokaci kuma wata damuwa ce daban a gida, mutuwa ko rabuwar iyaye ko wani abin da aka yi wa yarinya ta kasa faɗa, sai abinci ya zama abu ɗaya tak da take da iko a kansa.

Samari, kada ku ce ba ruwanku. Yaron da ake kira cingilingi tun yana aji uku, shi ne za ka gani ya shiga wurin ɗaga ƙarfe a lungu yana ɗan shekara 14, yana tambayar manya wace ƙwaya ko allura ce ke fito da ƙirji. Waɗannan allurai na gina tsoka suna iya tsayar da tsawon yaron da bai gama girma ba, su taɓa hanta da zuciya, su rage ƙarfin haihuwa. Motsa jiki abu ne mai kyau. Amma wanda ba zai iya fashin rana ɗaya ba ko da ya ji ciwo, kuma kullum yana ganin kansa ƙarami a madubi, shi ma yana buƙatar a zauna da shi.

Abin da za mu iya yi

Yadda muke rayuwa a Nima da Maamobi yana taimaka wa wannan ciwo ya ɓuya. Mma ta fita kasuwa tun asuba, Baba yana wurin aiki, an bar wa yaro sidi kaɗan ya sayi koko da safe, wake da rana. Daga sukuu ya wuce makaranta, sai dare zai dawo. "Kin ci?" "Na ci a waje." Magana ta ƙare. Ga suturarmu kuma mai yalwa, wadda ke rufe rama kamar yadda take rufe ƙiba. Don haka sau da yawa ƙawa ce ko malama za ta fara gani kafin uwa. A lura da wadda kullum tana da dalilin da ba za ta ci tare da mutane ba, da wadda ke tashi zuwa bayan gida da zarar an gama ci, da wadda ke yawan jiri in ta miƙe, da wadda ta fara al'ada amma ga shi wata uku, huɗu ba ta sha salla ba. A ɗaya gefen kuma, wadda fuskarta ta cika cikin 'yan makonni tana ta gyangyaɗi a aji.

In kin ga haka a jikin ƙawarki, kada ki tare ta a gaban mutane, kada kuma ki yi mata zancen jikinta, ko yabo ko kushe. Ki same ta ita kaɗai ki ce, "Na ga kwana biyu ba kya cin abinci tare da mu, kuma kina yawan jiri. Hankalina bai kwanta ba." Za ta iya musantawa, za ta iya yin fushi. In ta ce ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba, kada ki rantse. Ki ce mata za ki raka ta wurin malama ko wata babba da ta yarda da ita. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan ya fi ƙarfin ƙawaye su riƙe shi su kaɗai.

Iyaye kuma, matakin farko asibiti ne, domin ba kowace rama ce wannan ciwon ba. Tsutsar ciki, tarin fuka, ciwon sukari, sikila, duk suna ramar da yaro, wani kuma gaskiyar magana kuɗin abincin ne ba ya isa, kunya ta hana shi faɗa. A fara daga inda ya fi kusa, kamar Babban Asibitin Maamobi. In sun ga abin ya shafi tunani za su tura gaba, akwai likitocin wannan fanni a Korle Bu da Pantang da asibitin ƙwaƙwalwa na Accra. Na san abin da ke tsorata mu: kada a ji an kai 'yar wane can, a ce ta haukace, ta rasa miji. Amma damuwa da rashin barci da irin wannan ciwo duk a can ake duba su, kuma tun 2012 Gana take da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta kare sirrin mara lafiya da mutuncinsa. A yi addu'a, a yi tofi, ba wanda ya hana. Sai dai a yi su a kan hanyar asibiti, kada a zauna wata shida ana cewa aljani ne ko sammu har zuciyar yarinya ta gaji.

Wani kuskure da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne a zaunar da wadda ta daɗe ba ta ci ba, a cika mata kwano da tuwon zafi a tsaya a kanta sai ta cinye. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, in aka yi masa lodi kwatsam, gishirin jininsa na iya rikicewa har zuciya ta tsaya. Ma'aikatan lafiya ne za su tsara yadda za a riƙa ƙarawa. Bayan haka aikin ya dawo gida. Hanyar da aka ga ta fi yi wa matasa amfani, wadda aka fara a asibitin Maudsley na Landan, ita ce iyaye su karɓi ragamar abincin, su zauna tare da yarinyar a kowane ci, cikin haƙuri, ba zagi ba gori, har ta samu ƙarfin karɓar ragamar da kanta. Ana warkewa, kuma wadda aka gano da wuri ta fi saurin tashi. Ƙawar tamu ta ɗauki fiye da shekara. Mahaifiyarta ta riƙa rufe teburinta na kasuwa da wuri don su ci na yamma tare. Yanzu tana azumin Ramadan kamar kowa, nafila kuwa likita da Malam sun haɗu sun ce ta dakata tukuna.

Saura maganar bakinmu, tunda daga nan yawancin abin ke tashi. Aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda da yawanmu mun haddace, ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Imam Ahmad kuma ya ruwaito cewa wata rana Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska ta buɗe ƙwaurinsa, sirara ƙwarai, sahabbai suka yi dariya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye su abin da ya ba su dariya, sannan ya shaida musu cewa waɗannan ƙwauri sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. A ajinmu kaɗai na ƙirga mutum shida da ba a kiran su da sunan da aka yanka musu rago, sai da sunan jikinsu. Biyu daga ciki ni ma ina cikin masu kiran su da shi, har zuwa ranar da na zauna rubuta wannan.